Hattara da mai tallar gwangwanin busar da iskar kompresa a Maraɗi

Assalamu alaikum. Saƙon nan na masu fentin mota da babura ne, da masu faci, da masu ƙera ƙofofin ƙarfe, da duk wanda ya ajiye kompresa a garajin gidansa yana neman na tuwo. Tun faɗuwar damina akwai wani mutum da ke zaga unguwanni, an gan shi wajajen Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, yana tallar wani gwangwani da ya ce yana tsotse ruwan da ke cikin iskar kompresa ƙaf. Kada ku saya. Wanda ya riga ya ɗaura shi a tuyonsa, ya kwance shi tun yau.

Sunan mutumin ba zai amfane ku ba, don nan Injiniya ne, can kuma Alhaji. Kayan nasa za ku gane. Gwangwani ne shuɗi, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, an manna masa takarda mai tutar Jamus, da 'yar taga ta roba wadda ake hango wasu ƙwayoyi shuɗɗa ta cikinta. Sama a liƙe, ƙasa a liƙe, babu robinen zubar da ruwa, babu inda za a buɗe a canza abin ciki. Yana farawa da jika 35, in ka ja ya sauko 25 yana rantsuwa cewa faɗuwa ya yi. Alkawuransa su ne ba ya cin kuran, yana shekara biyar ba a taɓa shi ba, kuma daga ranar ka huta da durƙusawa kana buɗe robinen ƙarƙashin tanki. Wannan na ƙarshen shi ya sa na zauna rubutu, zan komo kansa.

Gwajin da yake yi a gaban mutane shi ke cin su. Sai ya ce a tada kompresa ta yi ta aiki har kanta ya ɗau zafi, ya kama tsohon tuyon mai garaji ya fesa a gilashin mota, ruwa ya yi ta tartsatsi. Kowa ya gani, kowa ya girgiza kai. Daga nan ya ce zai ɗaura kayansa, ya aiki yaron garaji sayen zaren liƙe haɗi, ya ce wa maigida a sauke iskar tanki tukuna don kada ta ji wa wani. Wajen sauke iskar ne yake buɗe robinen ƙasa, ruwan da ya taru ya tsiyaye. Ana hira ana shan shayi, inji ya huce. Sai ya fiddo nasa sabon tuyo busasshe daga jaka, ya haɗa, ya fesa na ɗan lokaci. Gilashi fes. Ai dole, tanki an zubar, tuyo sabo ne. Ko gwangwanin tumatir ya ɗaura a tsakani abin da za a gani ke nan.

Wani ƙanenmu mai fentin adaidaita ya kawo mini nasa, bayan aikin da ya yi wa wani ya tashi da ƙuraje, fenti ya yi bororo ko'ina, mai adaidaitar yana neman a biya shi. Ya ce, "Yaya, duba mini abin nan, ruwa ya fi na da." Muka ɗaure shi muka sa zarto. Abin da muka tarar, guntun soson katifa ne jiƙe sharkaf, da tsakuwa cikin hannu guda, sai ƙwayoyin nan shuɗɗa da aka jera daidai bakin taga kawai. Na roba ne, irin waɗanda ake shirya wa yara abin wuya, har da hujinsu na zare. Jikin gwangwanin kuwa langa-langa ne, da ɗan yatsa na lanƙwasa bakinsa, ciki ya soma tsatsa. Wannan ne aka ɗora wa iska mai matsin da ya kai bar 8 a agogon kompresa, a daidai tsayin fuskar mai aiki. Allah ne dai ya tsare.

Tambaya ɗaya ke tona asirinsa: ruwan da ya tsotse, ina yake zuwa? Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a matsayin tururi, kuma mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗauka. A digiri 30, lita 1000 ta iska na iya riƙe kusan giram 30. A ce safiyar Agusta ce, laima ta kai kashi 80 cikin ɗari, ke nan akwai giram 24. Ƙaramar kompresa mai zuƙar lita 200 a minti tana haɗiye lita 12,000 a awa, tare da ruwa wajen giram 290. In agogo ya nuna bar 8, an matse iskar nan ta koma kashi ɗaya cikin tara na girmanta, kuma in ta huce zuwa digiri 35 ba za ta iya riƙe fiye da giram 50 da 'yan kai ba. Sauran, kusan rubu'in lita a kowace awa ta aiki, sai ya sauka ya zama ruwa, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a ɗaki. Ku lissafa na wuni guda. Gwangwanin da ba shi da mafita, a ina zai ɓoye wannan, har na shekara biyar?

Shi ya sa da hunturu ba mu cika kuka da matsalar ba, iska a bushe take. Daga Yuni zuwa Satumba ne pistolen fesa fenti ke tofi, mashinan kwance noti ke tsatsa ta ciki. Mutumin ya san lokacin fitowarsa.

Ƙwayoyin gaskiya akwai su, ana ce musu silika, irin waɗanda ake samu cikin 'yar takarda a kwalin sabon takalmi. Suna shan tururi, amma iyakarsu ba ta kai rabin nauyinsu ba. Giram 100 in ya sha giram 35 zuwa 40 ya ƙoshi. Masu shuɗi sukan koma ruwan hoda in sun cika, masu ruwan lemo su koma kore ko su dushe, sai a juye su a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 120 har launinsu ya dawo. Don haka duk ma'ajin silika na kirki yana buɗewa. In kuna shakka, ku jefa 'yan ƙwayoyi a ruwa: silikar da aka saba sayarwa takan yi ƙara ta tsattsage, ta roba kuwa ko gezau.

Abin da ke aiki ba ya buƙatar injiniya daga ko'ina. Iska na fitowa daga kan kompresa da zafin da ya wuce digiri 100, ruwanta duk tururi ne a lokacin, kuma matatar ruwa mai kwalba a ƙasa ɗigo kawai take kamawa, tururi wucewa yake abinsa. Masu ɗaura ta a bakin tanki suna cewa ba ta aiki, alhali wurin ne ba nata ba. A ba iskar hanya ta huce tukuna: tuyon ƙarfe ko na jan ƙarfe, mita 7 zuwa 8 ko fiye, a bi da shi jikin bango ta gefen inuwa, a ɗan karkata shi yadda ruwa zai gangara, a sa robine a kowane wuri mafi ƙasa. Reshen da za a ja zuwa pistole a fitar da shi ta saman tuyo. Bayan nan sai matata, sannan silika in fenti za a yi. Wasu na naɗe jan ƙarfe su nutsa shi a duron ruwa, hakan ma yana sauke ruwa sosai, muddin akwai robine a ƙarshensa. Tuyon roba mai tauri na famfo kuwa kada a kusance shi, in ya fashe da iska tarwatsewa yake gutsi-gutsi.

To, batun daina buɗe robinen tanki. Asarar jika 25 ana mantawa, wannan shawara ita ce mai iya kisa. Gwangwaninsa a bayan tanki yake, ko da na gaskiya ne ba ruwansa da abin da ke taruwa a cikin tankin. Ruwan yana kwance a ƙasa yana cin ƙarfe ta ciki, waje kuwa fenti na ƙyalli. Ranar da ƙarfen ya yi siriri ba ya sallama, kuma garajinmu na gida yara na wasa a bakinsa. A buɗe robine kullum bayan an tashi aiki. In ruwan ya fito ja da ɓarɓashin tsatsa mai yawa, ko tanki ya fara tsiyaya ta ƙasa, a canza shi, kada a kai wa mai walda ya toshe.

Akwai kuma kashi na biyu na damfarar. Wanda ya ga yana da ɗan hali, sai ya nuna masa hoton babbar na'ura a WhatsApp, irin mai aiki da sanyi, wadda ke sauke iska zuwa wajen digiri 3 ta zubar da ruwan. Na'urar gaskiya ce, manyan wuraren fenti na amfani da ita, tana cin kuran kuma tana da tsada. Shi kuwa sai ya faɗi kuɗin da bai kai na tsohon firiji ba, ya ce tana Kano, a tura rabi ta wurin masu aika kuɗi, mota za ta shigo da ita ta Ɗan Isa ranar Juma'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Juma'a ta zo, ya ce duwan sun riƙe kaya a ƙaro jika 10, daga nan waya a kashe.

Duk wanda abin ya shafa ya adana takardar tura kuɗin da saƙonnin muryar da ya turo, ya ɗauki gwangwanin ya kai komisariya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Masu 'yan uwa da ke wannan sana'a a Tibiri da Madarunfa da Gidan Rumji ku sanar da su, don kwana biyu ba a gan shi cikin gari ba, kuma jakarsa ba ta ƙare ba.