Gurasar Inna ta cikin gari, dan Allah a daina yi mata ciniki

Masu tambayata inda nake siyo gurasar nan, to ba wani shago bane mai allo da fitilu, gida ne a cikin lungu can wajen Jakara kusa da kasuwar Kurmi a Kano, kuma matar kowa Inna yake ce mata, yara da manya. Nasan cikin gari masu gurasa ba sa ƙirguwa, tunda har unguwa guda muke da ita Chediyar 'Yan Gurasa, amma ni dai a bakina ban ci wadda ta kai tata ba.

Gurasarta nada kauri da laushi, bata cika tsami ba, bayan da ya manne da tanderu yayi ja yana ƙamshin wutar kara, kuma ko ta kwana ka yayyafa mata ruwan ɗumi zata dawo daidai bata marmashewa. Bandashenta kuwa wallahi sai wanda ya ci, don ƙuli-ƙulin a gida ake daka mata, ba irin wanda ya daɗe a leda yana warin tsohon mai ba, ga man gyaɗa bata ƙyashin zubawa, ga albasa da tumatir da kabeji, yajin ma tana tambayarka "ɗan nan kana cin yaji ko a rage maka?" kafin ta barbaɗa.

Ku je da sassafe ku tsaya ku ga yadda ake aikin, daga ranar zaku daina raina kuɗin gurasa. Tun dare take kwaɓa fulawa ta sa yis ta rufe, kafin kiran assalatu ƙullin ya tashi, sai a cusa kara a tanderu a kunna har tukunyar tayi jawur, ta goge cikin da jiƙaƙƙen tsumma sannan ta ɗebo ƙullin ta faɗaɗa shi a tafin hannu ta zura hannun nan har kusan kafaɗa cikin zafin ta manna, haka ɗaya bayan ɗaya har ta zagaye tanderun, ba safar hannu ba komai. Duk damtsenta tabon ƙuna ne, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi. Kuma a hakan tana yi tana lazimi, tana ƙwalawa jika kira ya tashi yayi alwala.

Maƙotanta ne suka bani labarinta, ita bata fiya maganar kanta ba. Mijinta ya rasu ya barta da yara ƙanana, tana fita takaba dangi suka ce a raba yaran kowa ya ɗauki ɗaya ita kuma tayi aure, tace a'a marayunta ba za su watse ba tana raye. Da wannan tanderun da adashi ta ciyar dasu ta biya kuɗin makaranta, ta aurar da matan da kayan ɗakinsu da gararsu ba tare da ta je ƙofar kowa roƙo ba, namijin har yayi karatun koyarwa a Sa'adatu Rimi yanzu malamin firamare ne. Lokacin da ya kamata ace ta zauna ta huta sai Allah Ya karɓi ran ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata, ta sake kwaso jikoki ta dawo farko. Abinda yafi burgeni shine bata ɗora musu talla, duk da a sana'ar gurasa ba abinda yafi wannan sauƙi, da safe boko da yamma Islamiyya, masu sari ne suke zuwa su ɗauka. Ƙaramin jikan kuwa "maigida" take ce masa, zaka ji tana cewa maigida ka fito ba ka ajiye mana kuɗin cefane ba, shi kuma yana ɓoye fuska a zaninta yana dariya, ta gutsuro masa mai zafi ta hura ta miƙa masa.

A 2023 ne na ƙara ganin girmanta. Farkon shekarar aka shiga wahalar takardun kuɗi mutane na yawo ba ko sisi a hannu, ita ko ta dinga bada bashi wa 'yan unguwa, sannan a watan Mayu aka cire tallafin man fetur, fulawa ta dinga tashi a kasuwar Singa tunda yawancin alkamar da kamfanoni ke niƙawa daga waje ake shigo da ita da dala, kara ma da ake kawowa daga ƙauye kuɗin mota ya hau kansa. Da yawa sai suka ƙanƙance gurasar ta koma sirit kuɗin na nan yadda yake. Inna ƙara kuɗi tayi ta faɗawa kowa a fili, girman kuma bata taɓa shi ba. Shiyasa raina ke ɓaci in naga mutum ya faka mota a bakin titi ya shigo yana cewa Inna a rage mana mana, a kan ribar da bata taka kara ta karya ba.

Inda take da matsala kam akwai. Babu wajen zama, siya zaka yi ka wuce, lungun mota bata shiga ko adaidaita sai dai ka taka, da damina kuma kwata na cika sai ka tattare riga. In kayi latti rana ta ɗaga to masu sari sun kwashe. Tiransifa tana karɓa amma asusun ɗanta ne, sai an kira shi ya tabbatar kuɗin sun shiga, wani lokacin yana aji ka daɗe a tsaye, gara ka riƙo kuɗinka a hannu. Da azumi layin kafin shan ruwa ba'a magana.

Masu biki ko suna ko walimar sauka, ku faɗa mata da wuri ku bada kafin alƙalami don ta siyo fulawa, ranar da tace a zo a ɗauka to za'a samu a shirye. Allah Ya ƙara mata lafiya Ya raya mata jikokin nan.