GARGAƊI: Mai sayar da keken caji ya cinye min N465,000

Jama'a, tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. N465,000. Adashen wata goma da kuɗin buhun dawa uku. N465,000 a kan keken da ko tudun unguwarmu bai iya hawa.

Duk wanda ya san Zuru ya san garin tudu ne. Daga gidana zuwa makarantar da nake koyarwa hawa biyu ne, na biyun ko mashin sai ka rage giya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya daina kai ni ƙarshen wata, shi ya sa na shiga neman keke mai caji, har na ci karo da tallan mutumin nan a Facebook. Kuma kada wanda ya ce min ban bincika ba. Na tambaya! Sau uku na ce, "Alhaji, zai hau tudu?" Ya ce, "Haba Malam, wat 1000 ne fa. Ka ɗora buhu, ka ɗora uwargida, zai hau yana dariya." Yana dariya. Har yanzu muryar na kunnena. Muna cikin waya ya ce in yi haƙuri an kira la'asar, zai neme ni in ya idar. Kuma ya kira. Wallahi a nan ya gama da ni. Ku gaya min, wa zai zargi mutumin da ya katse ciniki don salla?

Ranar Litinin, rabin hawa na biyu, keken ya fara nishi, sai ƙauri, sai ɗif. Na sauka ina turawa, nauyi kamar gawar jaki, ɗalibaina na wucewa da ƙafa. Wani ɗan aji biyu ya ce, "Malam, mai ne ya ƙare?"

Af, na manta bidiyon. Kafin in tura N300,000 na farko ya aiko min bidiyon yaro yana hawa wani tudu a guje. Sai shekaranjiya ƙanena ya nuna min turakun lantarkin da ke bayan yaron duk a karkace suke. Wayar da aka ɗauki bidiyon da ita aka karkata, titin shimfiɗaɗɗe ne! Bayan N300,000 ɗin na tura N150,000 ranar da aka yi lodin keken a tashar Birnin Kebbi, sai N15,000 na direba. Ku haɗa da kanku.

Wani tsohon ɗalibina mai gyaran sola na kai wa. Ya kankare laka daga cibiyar tayar baya, ya haska min da fitilar waya: 36V 250W, a buge a jikin ƙarfe, wato ƙarfin injin wat 250 ne. Wat 1000 ɗin sitika ce kawai aka manna. Ya buɗe kwantirola, akwatin da ke daidaita wutar da ke zuwa injin, amp 15 aka rubuta. Ya ce, "Malam, kai ka koya mana lissafi, 36 sau 15 nawa?" Wat 540. Iyakarsa ke nan ko zai mutu. Ya ce injin da ke cikin taya ba ya cin moriyar giyar keke, da gudu ya ragu a kan hawa sai wutar ta riƙa komawa zafi. Mai hawa tudu sosai shi ne wanda injinsa ke tsakiya wajen feda, yana jan sarƙa, ka rage giya ya samu sauƙi. Batirin da Alhajin ya rantse min litiyom ne kuwa, da aka buɗe, batura uku ne na gubar dalma masu 12V aka jera.

Na kira Alhajin, ya ce wai nauyi gare ni. Ni! Washegari ya toshe lambata. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna wayata, yau da dare zan ɗora su, har da saƙon muryar "yana dariya" ɗin.

In za ku saya, ku duba rubutun jikin ƙarfe, ku hau tudu da shi kafin ku ba da ko sisi.

Keken na nan jingine a zaure, maiɗakina ta fara shanya zanin goyo a kai. Ɗazu kuma abokin aikina ya nuna min a wayarsa: mutumin ya sake sa talla, da bidiyon nan dai, yanzu wai wat 1500.