cl-store ta dawo mini da lambobina yadda na ajiye su, amma da saura

Duk mai aiki da harshen shirya manhaja na Common Lisp a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya san ajiye aiki ba abin wasa ba ne. Ni jadawalin ma'aunin zafi gare ni mai fuska uku: kwana 365, awa 24, tasha 40, wato lambobi 350,400, dukkansu double-float, wani nau'in lamba mai ɗigon desimal. Kwamfutata sai ta yi kusan awa biyu kafin ta gama lissafa shi.

Da farko da umarnin print nake zuba shi cikin fayil, in ɗauko da umarnin read. Wani dare, washegari zan kai wa malamina sakamako, na ɗauko fayil ɗin sai SBCL, manhajar da nake gudanar da Lisp da ita, ya ce nau'in bai dace ba. Lambobin suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba, amma jadawalin ya dawo irin wanda ke karɓar kowane abu, ba na double-float zalla ba. Ashe rubutun #3A, wato yadda print ke rubuta jadawali mai fuska uku, ba ya riƙe nau'in abin da ke ciki, ni kuwa na ayyana nau'in a duk lissafina don ya yi sauri. Har ƙarfe biyu ina laluben matsalar, caji na ta raguwa, gabana na faɗuwa.

Wani abokin karatuna ne ya ce in sauko da cl-store, wata ƙaramar manhajar ajiye bayanan Lisp cikin fayil, ta Quicklisp, inda ake sauko da manhajojin Lisp. Wallahi layi biyu ne kawai, store da restore. Na ajiye, na kashe Lisp ɗin gaba ɗaya, na sake kunnawa, na dawo da jadawalin, na tambayi array-element-type, umarnin da ke faɗin nau'in abin da ke cikin jadawali: double-float. Girmansa ma 365, 24, 40 cif. Sai da na maimaita sau uku kafin hankalina ya kwanta.

To amma murnar ba ta kai sati ba. Malam ya ce in turo masa bayanan zai duba da harshen Python, sai na ga fayil ɗin ba rubutu ba ne, cl-store ce ke karanta abin da ta rubuta. Na buɗe shi a Emacs, manhajar gyara rubutu, tarkace kawai. Tsohuwar hanyar print, ko ba komai idona na ganin lambobin. Dole na zauna na rubuta abin da zai fitar da su zuwa CSV, wato fayil na rubutu zalla mai waƙafi tsakanin lambobi, kuma hakan ya ba ni haushi ƙwarai. Yanzu fayil biyu nake ajiyewa, na cl-store don kaina, na CSV don Malam, kullum sai na duba ko sun yi daidai da juna.