Shagon ɗinkin nan na Mabera, halin maigida shi ka riƙe da shi

Jama'a masu tambaya inda nike kai ɗinki, wani shago ne cikin unguwar Mabera ta Sakkwato, kuma gaskiya ɗinkin nasu lafiya lau amma abin da ya riƙe ni wurin halin maigidan ne. Mutum ne mai haƙuri, bai tsawa. Na gani da idona yaro ya ɓata wuyan kaftani na shadda, ga zafin watan Afrilu an ɗauke wuta, sai kawai ya ce "zo nan ɗana", ya zauna ya warware zaren da reza suka sake tare. Shi ya sa yaran ba su ɓoye kuskure, suna faɗi da wuri a gyara kafin kaya su kai hannun kwastoma.

Ƙanensa kuwa akwai zafin rai, ranar da shi ka tsaron shago kowa shiru ya duƙa bisa keke, aiki na sauri amma aljihu sai ya karkace. Shi dai ya iya karɓo kuɗi wurin masu bashi, wanda shi babban, kunya ke hana shi.

In kuna son kayan Sallah ku kai tun farkon azumi, babban bai iya cewa a'a, aiki kan yi mishi yawa.