Bitar Malamai ta Kuɗi da Na Halarta a Dogon Hutu: Ta Ci Kuɗinta, Amma Ba Duka Ba

Duk malamin firamare da ya kwana biyu a aiki ya san yadda yawancin bitoci suke. A tara mu a babban ɗaki, wani ya tsaya yana karanta abin da majigi ya haska, a raba shinkafa da lemo, a sa hannu a takardar kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Ranar Litinin a koma aji kamar ba a yi ba. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta turo min ta WhatsApp sanarwar wata bita, wadda wata cibiya mai zaman kanta ke shiryawa a cikin Kano lokacin dogon hutu, kuma wai kai za ka biya maimakon a biya ka, sai da na yi dariya. Kuɗin rajista naira dubu 25. Ga mutumin da albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 wani nisa ba, wannan ba kuɗin wasa ba ne. Na dai daure na biya. Yanzu zango guda ke nan ina gwada abin da aka koya mana a ajina na huɗu, kuma tunda 'yan uwa malamai suna ta tambayata ko su ma su je, bari in faɗi abin da na gani.

Taken bitar shi ne koyarwa cikin sha'awa da jan hankalin yara. Ranar farko an ba wani matashi mai kwat, irin masu zaburar da jama'a ɗin nan. Ya iya magana, ba laifi. Ya sa mun miƙe, mun tafa, mun maimaita cewa malami shi ne ginshiƙin al'umma. Ya ce wanda ke son aikinsa ba ya duba albashi. Nan ɗakin ya ɗauki gunaguni. Wani dattijo daga wata makarantar ƙauye ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, don Allah ka taɓa tsayawa gaban yara ɗari da wani abu, rabinsu a ƙasa, alli ya ƙare?" Matashin ya yi murmushi ya ce ai komai daga zuciya yake. Dattijon ya zauna, bai ƙara cewa uffan ba.

A ganina wannan rana asarar kuɗi ce. Mutumin da ya cire dubu 25 daga aljihunsa, ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya zo bita, ba son aiki ne ya rasa ba. Abin da muka rasa shi ne me za mu yi da ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da kwanon rufi ya ɗau zafi, yara suka fara hamma, na baya suka shiga tsokanar juna. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ajina sun haura casa'in. Ba tafi ne zai cike wannan giɓin ba.

Daga rana ta biyu komai ya canza, saboda mutum ɗaya: wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, kowa Hajiya yake ce mata. Ba ta kunna majigi ba ko sau ɗaya. Ta sa an kawo yara na gaske daga unguwar, wajen arba'in, wasu da silifas wasu ba takalmi, ta koyar da su a gabanmu muna zaune a gefe. Wannan kaɗai ya raba bitar da duk waɗanda na taɓa zuwa, inda manya masu gemu ke kwaikwayon 'yan aji biyu ana ta dariya.

Abu na farko da ta hana mu shi ne tambayar "Kun gane?" Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ajin da ya amsa da a'a ba. Yara goma na gaba su ɗaga murya su ce "Eh, Malam!", sauran su bi amo, malami ya share allo ya wuce. Ta nuna mana a aikace. Ta rubuta jimla a allo, ta karanta, yaran suka maimaita da ƙarfi har ɗakin na amsawa. Sai ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna kalma daga tsakiyar jimlar. Da yawa suka yi tsuru-tsuru. Haddar sauti suka yi, ba karatu ba.

Daga nan ta shiga abin da ya fi komai amfani a bitar, wato gwada kowane yaro shi kaɗai a raba su gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon shekaru ko aji ba. Takarda ɗaya ce: haruffa a gefe, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari, duk da Hausa. Cikin minti biyu zuwa uku ka san ko yaro bai san harafi ba, ko ya san harafi bai iya haɗawa ba, ko yana karanta kalma, ko ya kai ga labari. Hajiya ba ta yi da'awar ita ta ƙirƙiro ba, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar tata. Ta ce tsarin ya samo asali ne daga wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham, ana kiransa TaRL, wato koyarwa daidai da matakin yaro, kuma masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019, sun daɗe suna gwada shi a makarantun can. A Najeriya an fara gwada shi a Borno a 2018, daga baya ya shiga wasu jihohin Arewa.

Ina zaune ina sauraro sai na tuna makarantar allon da na yi. Ai can ba a taɓa haɗa mai babbaƙu da mai farfaru a darasi ɗaya don kawai shekarunsu ɗaya ba. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, kuma gardi yana biya wa kolo. Mu ne da muka shiga boko muka ɗauko manhajar aji huɗu muna zuba wa yaron da bai gama da aji ɗaya ba, sannan muna mamakin me ya sa yake barci.

Da aka koma hutu na yi gwajin a ajina. Ya ɗauke ni kusan mako guda, ina kiran su a ƙarƙashin bishiyar darbejiya lokacin tara. Kusan rabinsu ba sa iya karanta kalma mai gaɓa biyu. Akwai waɗanda nake ɗauka masu ƙoƙari ne saboda littafinsu tsaf yake, ashe kwafa kawai suka iya, kamar mai zana hoto. Akwai kuma wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ta karanta labarin tas har da ba ni amsar tambayoyin.

Darasin lissafin ma ya burge ni. Kayan aikin tsinken tsintsiya ne da kyauro da roba. Tsinke goma a ɗaure, ya zama dami ɗaya. A ce yaro ya cire 17 daga 42. Ya ajiye dami huɗu da tsinke biyu, ya ga bakwai ba za ta fita daga biyu ba, sai ya kwance dami ɗaya da hannunsa, tsinkayen suka zama goma sha biyu. Shekara da shekaru muna cewa "mu ari ɗaya", yara suna faɗa a baki ba su san me aka ara ba, ba su san ɗayan nan goma ce ba. Ranar da na kawo tsinkayen ajina, wani yaro da ya kwance damin ya ɗago ya ce, "Malam, ashe aron ke nan!" Ban kashe ko sisi ba, tsohuwar tsintsiyar gida ce.

Sai wasu ƙananan dabaru da ta bi ta kansu da sauri. A rubuta sunan kowane yaro a marfin kwalba, a zuba a gwangwanin madara, in za a yi tambaya a girgiza a zaro, don kada kullum masu ɗaga hannu su cinye darasin. A yi tambaya a yi shiru kafin a kira suna. Ta ce wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano tun shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da kusan daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka jira uku amsoshi suna tsawo, yaran da ba sa magana suna shigowa. Daƙiƙa uku kamar ba komai ba, amma ka gwada a gaban yara casa'in ka ji yadda harshenka zai riƙa ƙaiƙayi. 'Yan matan ajina ne suka fi cin moriyar wannan, don su ba sa rige-rigen ɗaga hannu da maza.

To amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda ba. An ɓata rabin yini kan manhajojin koyarwa ta kwamfuta, alhali yawancinmu makarantunmu ko wayar lantarki ba a ja ba. Takardun da aka raba duk da Turanci suke, kwafin wani abu ne da aka sauko daga intanet, misalansa ma ba na nan ba. Abin haushi, darussan Hajiya da aka yi da Hausa, waɗanda su ne zuciyar bitar, babu su a rubuce. Sai abin da ka kwafa da hannunka ko ka ɗauka a waya. Ta nuna mana littattafan Mu Karanta, waɗanda aka shirya wa makarantun Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar agaji ta Amurka, USAID, muka yi ta sha'awa, amma kwafi ɗaya ne, nata na kanta, ya zaga ɗaki ya koma jakarta. Waƙoƙin motsa jiki da wasu matasan masu horarwa suka koyar ma duk na Turanci ne, yara na rerawa ba su san me suke faɗa ba. Ni dai na ajiye su. In na ga ajina ya yi sanyi, "Ƙulin ƙulifita" nake jefawa, ko in ce "Ga ta nan ga ta nanku", in tsaya a daidai inda Gizo ya shiga uku, in ce kowane rukuni ya rubuta yadda zai kuɓuta. Ba na buƙatar roƙon kowa ya yi shiru.

Ɓangaren shiri kuwa sai a hankali. Ba a fara a kan lokaci, ana cin lokacin sallar Azahar, malamai mata masu goyo ba a tanadar musu wurin zama da jarirai ba, ban-ɗaki ɗaya ne ga kowa. Abincin rana ba yabo ba fallasa. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne ranar ƙarshe aka ce takardar shaida sai an ƙara dubu 3, kuma ba a rubuta haka a sanarwa ba. Wasu sun tafi ba su karɓa ba, ba don ba sa so ba, sai don kuɗin motar komawa kaɗai ya rage musu.

Akwai kuma babban giɓi da ba wanda ya taɓo: mai duba makarantu. Shi in ya zo, littafin shirin darasi zai buɗe ya ga ko ka kai mako na shida a manhaja. Ba zai tambaye ka yara nawa suka tashi daga harafi zuwa kalma ba. In ka raba aji rukuni-rukuni kana koyar da ba, bi, bu a aji huɗu, kana iya shan tambaya. Ni na yi sa'a hedimastanmu mutum ne mai fahimta. Na kai masa sakamakon gwajin, ya duba ya girgiza kai, ya ba ni sa'ar farko ta wasu ranaku a mako. Wata malama da muka yi bitar tare, nata shugaban cewa ya yi ba ya son hayaniya, ta mayar da bencunan ajinta yadda suke. Ya kamata cibiyar ta riƙa gayyatar shugabannin makarantu ko da na yini ɗaya ne, ko a rage musu kuɗi.

Kada kuma wani ya ɗauka aikin zai yi sauƙi. Ya fi rubuta dogon bayani a allo ka zauna wahala nesa ba kusa ba. Kana tsaye, kana zagaye, muryarka na dushewa, dare ya yi kana yanka kwali kana rubuta gaɓoɓi. Sai dai wani abu da matashin mai kwat bai faɗa ba, ni na gan shi: sha'awar aikin daga baya take zuwa. Ranar da yaron da aka gama yanke wa hukuncin daƙiƙanci ya haɗa "tu" da "lu" ya ce tulu, ya waiwayo yana neman wanda zai nuna wa, washegari ba sai an yi maka wa'azi kafin ka fito da wuri ba.

Abin da ya sa na ce ta ci kuɗinta shi ne bibiya. An buɗe mana zauren WhatsApp, kuma duk da rabin saƙonnin gaisuwar Juma'a ce da tallan atamfa, Hajiya tana amsa tambaya da saƙon murya, dalla-dalla. Ta kuma zo makarantarmu a tsakiyar zango, a adaidaita sahu, ta zauna a benci na baya har aka tashi tara. Da muka fito ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma waɗancan masu karanta labari ka bar su ba aiki, za su fara gundura. Ka sa su rubuta tatsuniyar da kakarsu ta ba su, su karanta wa 'yan rukunin harafi." Na yi hakan, yanzu muna da 'yan littattafai na hannu da aka ɗinke da zare, su ne ɗakin karatunmu.

Ga mai son zuwa, na ji za su sake yi a hutu mai zuwa. Kafin ka biya, tambayi ko dattijuwar nan ce za ta ja ragamar darussan, da ko za a kawo yara a koyar a gabanku. In aka ce a'a, riƙe kuɗinka. Tambayi kuɗin takardar shaida tun farko, ka tafi da babban littafin rubutu don ba za a ba ka komai a rubuce ba, kuma in da hali ku je ku biyu daga makaranta ɗaya, don gwada yara casa'in ɗaya bayan ɗaya yana son wanda zai riƙe maka sauran ajin. Malamin sakandare kuwa ba zai samu abu mai yawa ba, bitar ta 'yan firamare ce, musamman aji biyu zuwa biyar.