Adafta 12V da na haɗa wa ƙananan fankoki a shagon caji

Masu shagon caji a ƙauye kun san yadda inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) ke ɗaukar zafi a watan Afrilu, har tsoron taɓa ta kake. Irin ƙananan fankokin nan na cikin kwamfuta na samo a kasuwar Wudil ranar Juma'a don su riƙa sanyaya inbatar, sai adafta mai 12V 2A da za ta ba su wuta, kuma gaskiya ta yi min aiki.

Abin dubawa shi ne rubutun bayan fankar, a jikin tawa 12V 0.2A aka rubuta, to ko guda huɗu ka jona 0.8A ne kawai suke ja, adaftar ko gezau, ɗan ɗumi kaɗan take yi. Jan waya a fositif, baƙi a negatif, rawayan nan kuwa naɗe shi da salatif ka manta da shi, na ƙirga gudu ne.

Don Allah kar wani ya ce zai sa cajar laftof, yawancinsu 19V ne, fankar za ta yi ta ihu sannan ta ƙone. Cajar waya kuma 5V ce, da ƙyar take juya ta, wata ma sai ka tura da yatsa.

Inda adaftar ta ban haushi wayarta gajeriya ce sosai kuma siririya, dole sai da na yi ƙari.