Abin da Kallon Ƙwallon Kwando Yake Ci a Karolina ta Arewa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, a miƙa gaisuwata ga Hajiya da sauran mutanen gida. Ka nemi in bayyana maka yadda kaya da hidima suke a nan idan an gwada su da na gida, na kuwa ga babu abin da zai fi nuna maka hakan kamar wasan ƙwallon kwando da za a buga ranar Asabar, 1 ga Fabrairu 2025, tsakanin Jami'ar Duke da ke nan Durham da Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill. A makon nan babu zancen da ake yi a wurin aiki da cikin bas da shagon aski sai nasa, kuma masu shaguna da gidajen abinci duk sun shirya cin kasuwarsa.

Tsakanin makarantun biyu bai fi tafiyar kilomita 16 ba, kuma tun 1920 suke karawa. Duke ta ci kofin jami'o'in Amurka sau biyar, duka a hannun mai horarwa Mike Krzyzewski, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1980 zuwa 2022. Karolina ta ci sau shida, ciki har da na 1982, wanda Michael Jordan ya jefa ƙwallon da ta raba gardama yana ɗalibin shekarar farko. Adawar tasu ta yi kama da ta Kudu da Arewa a gidan dambe, mutum yakan gaji ɓangarensa ne daga gida, kuma launin rigarsa ya isa ya gaya maka inda ya dosa, shuɗi mai duhu na Duke, mai haske na Karolina.

A wurin aikinmu mutanen Duke ne ke da baki a bana. Ƙungiyarsu ba ta sake shan kashi ba tun watan Nuwamba da Kentucky da Kansas suka doke ta, ga shi kuma suna da wani yaro, Cooper Flagg, wanda ya cika shekara 18 a watan Disamba, ya kuma ci maki 42 shi kaɗai a wasansu da Notre Dame a watan Janairu. Suna da wani kuma ɗan Sudan ta Kudu, Khaman Maluach, wanda ya tashi a Yuganda, ya koyi wasa a makarantar da NBA, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta kafa a Senegal, tsayinsa ya haura mita biyu da santimita goma sha biyar. Hujjar magoya bayansu ita ce Karolina ba ta da dogon da zai tsaya masa a ƙarƙashin kwando tun da Armando Bacot ya kammala karatu, saboda haka duk ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, hannun Duke za ta faɗa. Akwai wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda ta ce tun tana yarinya mahaifinta yake kai ta kallon Karolina, ita kuwa ba ta yarda da wannan lissafi ba ko kaɗan. Ta tuna musu cewa bara Karolina ce ta ci wasannin biyu, har da wanda aka yi a gidan Duke, kuma a 2022 Karolina ce ta ɓata wa Krzyzewski wasansa na bankwana a gida, sannan ta sake fitar da shi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa da maki 81 da 77. A ganinta, idan RJ Davis, wanda ya shekara biyar a ƙungiyar, ya samu hannunsa ya zauna wajen jifa daga nesa mai maki uku, to yaran Duke 'yan bana-bakwai za su rikice, domin ba su taɓa ɗanɗana zafin wannan wasa ba. Na saurari ɓangarorin biyu da kyau, kuma ra'ayina shi ne Duke za ta yi nasara, saboda tsayi ba ya gajiya kamar yadda hannun mai jifa yake gajiya, kuma a gidansu za a yi. Duk da haka na fahimci dattijuwar, tarihin wannan karawa ya sha kunyata masu lissafi.

To, ga inda zancen kuɗi ya shigo. Zauren da za a yi wasan, wanda ake kira Cameron, tsohon gini ne na 1940 mai ɗaukar mutum 9,314 kacal, alhali na Karolina da aka buɗe a 1986 yana ɗaukar 21,750. Yawancin kujerun suna hannun masu bai wa jami'ar gudummawa ta shekara-shekara, abin da ya rage kuma ana sake sayar da shi a intanet. Da na duba, mafi arha da na gani ya haura dala 1,000, wato sama da naira miliyan ɗaya da rabi a canjin farkon 2025, don kallon wasan da mintinsa arba'in ne, ashirin kafin hutu, ashirin bayansa. Mafi ƙarancin albashi a wannan jiha dala 7.25 ne a awa, saboda haka mai ɗaukar irin wannan albashi sai ya yi aikin kusan wata guda bai ci bai sha ba kafin ya iya zama a ciki. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mutanen da na ga sun fi kowa son ƙungiyoyin nan, direbobi da masu gadi da ma'aikatan kicin, da yawansu a garin aka haife su kuma ba su taɓa shiga sun ga wannan karawa da idonsu ba.

Ɗalibai ba sa biyan kuɗin shiga, sai dai suna biya da jikinsu. Tun 1986 suke da al'adar kafa tantuna a filin da ke gaban zauren, su kwana a ciki makonni don riƙe layi. Na bi ta wurin da yammacin Lahadi. Tantuna ne jere a kan ciyawa, an shimfiɗa katako a ƙarƙashin wasu saboda laima, an ja wayoyin lantarki, na kuma hangi wata yarinya a bakin tantinta ta lulluɓa da bargo har ka, kwamfuta a cinya tana aikin makaranta, tururi na fita daga bakinta saboda sanyi. Kowane tanti na mutum goma sha biyu ne, kuma akwai ɗalibai 'yan uwansu masu kula da layi, waɗanda sukan busa jiniya ko da tsakar dare don a ƙirga mutane, tantin da aka samu da rashi sau biyu ya rasa matsayinsa. Abin da ya burge ni shi ne babu wanda nake jin ya ce ɗan wane ne shi a sa shi gaba. Sai dai kada ka manta cewa kuɗin karatu kaɗai a wannan jami'a ya haura dala 60,000 a shekara, don haka kyautar tasu ba ta faɗo daga sama ba.

Na taɓa shiga ɗaya daga cikin zaurukan nan a wani ƙaramin wasa na farkon kaka, lokacin da tikiti ke da sauƙi, kuma a nan ne na ga abin da suka fi mu da shi. Tikitin yana cikin waya, a ƙofa a haska shi da na'ura ka wuce, lambar kujerar da aka rubuta maka kuwa za ka tarar da ita babu kowa a kai. Jaka sai mai shara-shara wadda ake ganin abin da ke ciki. An ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama. Wuta ba ta ɗauke ba, allon maki bai tsaya ba, banɗaki da ruwa da sabulu har aka tashi, an kuma ware wuri ga masu keken guragu. Da ɗan wasa ya faɗi, yara biyu suka ruga da tsumma suka goge gumin daga kan katako kafin a ci gaba, don kada wani ya zame. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu. Zauren cikin gida na filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata gini ne mai kyau, kuma na ga yadda yake cika idan Kano Pillars na wasa, abin da ke raba mu shi ne a nan akwai wanda aikinsa ke nan ya duba kwan fitila da famfo kowace safiya, ana biyansa a kan lokaci, ana kuma tuhumarsa idan abu ya lalace. Ta fuskar abinci kuwa mu ne a gaba nesa ba kusa ba. Robar ruwa guda dala huɗu ko biyar, abincin kuma burodi ne da tsiran alade wanda ba namu ba ne, sai gugguru, kuma ba a karɓar kuɗi a hannu sai kati.

Batun kaya ba shi da wani abin mamaki. Rigar ƙungiya ta asali takan kai kusan dala 100, idan kuma ka juya wuyanta za ka ga a ƙasashen Asiya ko Amurka ta Tsakiya aka ɗinka ta. Ta fi wadda ake samu a Sabon Gari kyan ɗinki, lambarta ba ta saurin ɓarewa, amma bambancin bai kai na farashin ba. Abin da kake saye da ragowar kuɗin shi ne damar mayarwa, domin idan ka riƙe rasit, galibin shaguna za su karɓi kayan cikin wasu makonni su mayar maka da kuɗinka ba tare da rantsuwa ko cacar baki ba. Kayan nan ma sukan ba da kunya. A irin wannan wasa, a watan Fabrairun 2019, takalmin Nike da ke ƙafar Zion Williamson na Duke ya yage tun ba a cika minti ɗaya da farawa ba, yaron ya ji rauni a gwiwa, tsohon shugaban ƙasa Barack Obama na zaune a gefen fili yana kallo.

Wanda bai samu tikiti ba sai ya koma talabijin, tashar ESPN ce za ta nuna, kuma haɗa tashoshin da ke ɗauke da ita yana cin kusan dala 80 a wata. Hoton tas yake, ba ya yankewa, sai dai an cika shi da talla, domin ana tsayar da wasan kansa lokaci-lokaci don a ba masu talla dama. A nan ne nake kewar gidan kallo na unguwarmu, inda da ɗan canjin aljihu za ka zauna a benci cikin mutanen da ka sani, janareta na ruri a waje, ana musu har a tashi. Su ma suna da wuraren kallo na taro, amma kusan duk mashaya ce, abin da ya sa mu Musulmi muke haɗuwa a falon ɗayanmu, kowa ya kawo abin da matarsa ta dafa.

Akwai abu biyu da suka sauya a 'yan shekarun nan. Tun watan Yulin 2021 aka bai wa ɗalibai 'yan wasa izinin karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma ina ganin adalci ne, tunda da guminsu ake cika zaurukan. Na biyun shi ne caca ta waya, wadda aka fara yin ta bisa doka a jihar nan a watan Maris na 2024. Tun daga lokacin hirar magoya baya ta gurɓace, matasa a wurin aiki sun rage tambayar wa zai ci, sun koma tambayar da tazarar maki nawa zai ci, kuma na ga wanda ƙungiyarsa ta yi nasara amma ya wuni yana huci saboda kuɗinsa sun tafi. Ka san yadda shagunan caca suka yi wa yaranmu a gida, to cutar ɗaya ce, sai dai a nan tana sanye da kaya masu tsabta.

Dattawan garin nan idan suka ji daga Najeriya nake, sukan kawo sunan Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan Najeriya, saboda jami'ar jihar da ke Raleigh ce ta doke ƙungiyarsa ta Houston a wasan ƙarshe na kofin jami'o'i na 1983. Ni kuma nakan ba su labarin Zariya, inda Ba'amurken nan Oliver Johnson ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma daga garin ne Masai Ujiri ya taso har ya jagoranci Toronto ta ci kofin NBA a 2019. Yaran da za su iya muna da su, abin da babu shi ne gasar jami'o'i da za a san ranarta tun watanni kafin ta zo, a buga ta kowane mako, har mutanen gari su ɗauki ƙungiyar makaranta tasu ce.

Game da kayan da ka ce yaran unguwa suna buƙata, shawarata kada a ɓata kuɗi a kan riguna daga nan, tela a gida zai ɗinka musu masu kyau da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙwallo ce ya kamata in aiko, amma ba irin ta zaure ba, domin an yi ta ne don daɓen katako, idan ta sha siminti da ƙura ba ta daɗewa take sulɓi. Ta roba da aka yi don filin waje ta fi arha, kusan dala 20 zuwa 30, kuma ta fi juriya. Zan sace musu iska in haɗa da famfo da allurai da ragar kwando, in ba wani ɗan uwa da zai taho gida kafin azumi. Takalma kuwa sai ka aiko mini da lambar ƙafar kowane yaro, zan jira watan Afrilu bayan an gama kakar wasa, lokacin da shaguna ke karya farashin tsofaffin samfura.

Wassalam,
Ƙaninka.